Simintin da Na Sa Aka Shafa wa Bangon Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Iddirisu magini, kuma sai yau na iya ɗaukar alƙalami a kansa. Kunya ce ta hana ni.

Gidanmu a zango, unguwar Hausawa can bakin kogin Volta a Gana, tsohon sito ne na Turawan mulkin mallaka. Ba da siminti aka gina shi ba. Ɓawon kawa, ƙwanson nan da ake tsinta a bakin ruwa, shi aka ƙona ya zama farar ƙasa, aka kwaɓa da yashi da guntayen ɓawon. Kakanninmu ne suka yi dakonsa a ka, Bature yana zaune a inuwa. Da Turawan suka tattara suka tafi, ginin ya faɗo hannun Baba.

Kowane rani sai ya ƙona ɓawo a bayan gida, ya liƙe duk inda ya tsage. 'Yan ajinmu suna ce mana 'yan gidan katantanwa, ni kuwa na tsani ginin kamar me. Maganar Baba ɗaya ce kullum: "Kada kowa ya shafa masa siminti. Bangon nan numfashi yake yi. In kun toshe shi, ruwa zai cinye shi ta ciki." Muka ɗauka rigimar tsufa ce.

Bayan rasuwarsa na sami aikin shara a wani otal a unguwar Al Khabaisi da ke Dubai. Na ga gine-ginen Dubai, kaina ya kumbura. Na kira ƙanena Musa na ce a yaɓe gidan da siminti, a yi masa fenti. Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Ubanku fa ya hana." Na ce mata zamani ya wuce nan. Ni ce ta Dubai, maganata ba ta faɗuwa ƙasa.

Bara, ranar hutuna, na tsallaka ruwa zuwa ɓangaren Bur Dubai a kwalekwale. A tsohuwar unguwa na tarar da magina suna kankare siminti daga jikin wani tsohon bango, suna mayar da farar ƙasa. Na tambayi ɗaya dalili. Da guntun Larabcinsa ya ce siminti yana kulle ruwa a ciki. Baƙi masu yawon buɗe ido kuwa sai ɗaukar hoto suke. Na nemi dakali na zauna.

Da Baba yana nan, na san ba zai yi mini gori ba. Hannun riga zai naɗe, ya murza kwaɓin a yatsu, ya ce musu yashi ya yi yawa. Wannan ya fi gorin ci mini rai.

Da daminar bana bangon ɗakin Inna ya zube. Cikinsa ya jiƙe sharkaf kamar garin da aka jiƙa. Allah ya kiyaye tana tsakar gida. Yanzu tana raɓe a wurin ƙanwarta, kuma a zangon babu mai sanin kwaɓin, domin ba wanda ya zauna ya koya. Abin da ya rage na Baba shi ne ya yi gaskiya, amma gaskiyar ba ta mayar da matarsa ɗakinta ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.

Jiya Musa ya kira, ya ce hukuma ta sa wa sauran ginin jan fenti, alamar yana da haɗari. "Yaya, ke ake jira, me za a yi?" Na ce a rushe. Na ce ya ba ni Inna. Ba ta karɓi wayar ba, sai na ji muryarta daga gefe tana cewa, "Ka ce mata na ji."