Layin da Mudir Ya Ce a Goge

Akwai wata Talata cikin watan Shawwal da har yau ba ta bar raina ba, ranar da na ƙi buga hatimi a kan takardar da mudirinmu, wato shugaban ofis, ya miƙo mini da hannunsa. A lokacin ina shekara ta tara a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Bagdadiyya a Jidda, a matsayin mai kula da fayiloli.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, kowace tafiya tana da barnamij, wato jadawalin abin da za a yi kowace rana. Kamfanin da zai karɓi baƙinmu a can shi ke aiko shi. Ni nake mayar da shi Larabci ko Hausa, in buga hatimi, matafiyi ya karanta ya sa hannu, sannan in ajiye kwafi. Ma'anar hatimin ɗaya ce: abin da aka rubuta, shi za a tarar.

Tafiyar ta Alhaji Ilyasu ce, dattijo mai shagon yadi a unguwar Bani Malik, shi da abokansa shida, mako guda a ƙasar Jojiya. A rana ta huɗu an haɗa musu abu uku tare da ɗan jagora. Da safe hawan dutse a ƙafa, da rana ziyarar wani tsohon gidan ibada inda malaman Kirista suke keɓe kansu, da yamma kuma gidan wani manomi inda ake ɗanɗana giyar inabi kala biyar. Haka na fassara, har da kala biyar ɗin.

Mudir ya karanta, ya ja layi a kai da biro.

"Ya Ustaz Habibu, rubuta ziyarar gonar inabi. Halas, shi ke nan."

"Ya mudir, ai ba gonar za a zuba musu a kofi ba."

"In suka ga kalmar nan fasawa za su yi. In sun je can su kau da kai. Yalla, buga."

Na ce ba zan buga ba. Ya rufe bironsa, ya tuna mini cikin ruwan sanyi cewa saura kwana ashirin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare. Kamfaninmu shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma. A unguwar Karantina aka haife ni, ban san wani gari ba, amma zamana a Jidda da na iyalina sai da amincewarsa.

Bayan la'asar na ɗauki fassarar yadda take na tafi Bani Malik, ba tare da izini ba. Wannan ma na rubuta shi a fayil.

Alhaji ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa. Na zauna ina jiran faɗa.

"Wannan manomin, cikin gidansa za mu shiga?"

"Cikin gidansa, Baba."

"Ya miƙo mana abu mu ƙi karɓa, mu bakwai, a gaban iyalinsa? Wannan wulaƙanci ne, ya waladi. A gaya masa kada ya buɗe komai. Mu za mu zo da abin sha."

Ya sa hannu. Ya tambaye ni ko dutsen ya kai Jabal Nur na Makka tsawo, na ce ba a rubuta ba, saboda haka ban sani ba.

Mudir bai sake yi mini magana ba. Saura kwana uku iƙamar ta ƙare rahoton ɗan jagora ya iso, kuma yana nan a fayil ga mai son dubawa. Mutum biyu ne suka kai saman dutsen, sauran suka jira su a inuwa. A gidan ibada sun cire takalma a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ya nema, suka bar wa mai tsaron wurin dabino. A gidan manomi Alhaji ya fito da dalla, wato butar gahawa, da finjalai, 'yan kofunan shanta, ya dafa gahawa a murhun mutumin, ya tsaya a kansa yana zuba masa.

A nan ko yaro ya san cewa wanda ya ƙoshi sai ya girgiza finjali kafin ya mayar. Manomin bai sani ba. Yana shanyewa yana miƙawa don a karɓa, Alhaji yana ƙara masa. Ɗan jagora ya ƙirga goma sha ɗaya. A ƙarshen rahoton ya ce manomin ya ji daɗin baƙin, yana roƙon su dawo, amma su zo da safe, don ya samu barci.

Mudir ya karanta sau biyu. Bai ce na yi daidai ba. Washegari saƙo ya shigo wayata cewa an sabunta iƙama.

Abin da nake so ƙananan ma'aikata su riƙe shi ne, matafiyi ba jariri ba ne. Faɗa masa abin da ke gabansa, ya fi ofis sanin yadda zai yi da addininsa da mutuncinsa. Sai dai ba zan ɓoye muku sauran ba. Da can ta shekara ake sabunta mini. Tun daga wannan tafiya wata uku-uku ake yi, kuma kowane karo mudir yakan bari sai ranar ƙarshe.