Birkilan da ke bin ruwan farko

A Madakiya, idan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, manoma gona suke nufa, Baba Azariya kuwa sai ya tashi tsohon babur ɗinsa ya shiga yawo. Birkila ne, tun yana saurayi yake gini tsakanin Kafanchan da Fadan Kagoma, kuma duk gidan da ya gina sai ya koma ya duba shi bayan ruwan. Ba wanda yake kiransa. Zai zagaya bayan gida, ya shafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya kalli rufi, ya sha kunu in an ba shi, ya yi gaba.

Ni maƙwabciyarsa ce, shi ya gina mini nawa, kuma na sha tsokanarsa cewa kunun yake bi ba bango ba. Bai taɓa musu ba. Amma ina son wannan hali nasa har raina, don na ga magina iri-iri a ƙasar nan. Wani zai zo da hular kwano da lasisi a cikin gilashi, ya tsayar maka da gida kamar a hoto, damina ɗaya bango ya buɗe baki, ka kira lambarsa ka ji ta a kashe. Baba Azariya ma yana da takarda. Da masu ba da aiki suka fara cewa sai mai shaida, 'yarsa Afiniki ta ja shi har Kaduna, ya yi gwajin sana'a da furfurarsa. Ya ji daɗin takardar ƙwarai, har godiya ya yi a coci. Yawon dai bai fasa ba.

Bara ne ya gamu da wadda ta hana shi shiga, kuma ita da bakinta ta ba ni labarin. Akwai gidan da ya gina wa wani malamin makaranta a Fadan Kagoma. Malamin ya sayar, Hajiya Larai ta saya. 'Yar kasuwa ce daga Kachia, busasshiyar citta take saye ta ajiye sai ta yi tsada. Ta cika ɗakin baya da buhuna, jarinta kaf yana ciki.

Ya yi sallama ya ce, "Hajiya, ni ne na gina gidan nan. Na zo dubawa ne."

"Wa ya aiko ka, Baba?"

"Ruwan jiya."

Ba ta yi dariya ba. Wani magini ya taɓa yi mata shago a Kachia, shagon ya tsage, shi kuma ya ɓace. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ya ce, "Ina da satifiket, Hajiya, yana gida."

"Wancan ma yana da shi. In aiki kake nema, babu." Ta rufe ƙofa.

Da wani ne da ya hau babur ɗinsa, amma Baba Azariya ba ya jin kora. Ya bi ta lungu ya zagaya baya, abin da ya gani kuwa ya ɓata masa rai. Kafin malamin ya sayar, ya tara ƙasa a jikin bango ya yi lambun alayyahu, ƙasar ta haura tushen ginin. Ruwan rufi a nan yake kwanciya, bango yana sha. Ta taga kuma ga ƙamshin citta yana fitowa. Citta in ta ji danshi fumfuna take yi, a kasuwa ko kallonta ba a yi. Ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, shiru. Sai ya ari diga da shebur a maƙwabta, ya tuɓe riga, ya kama janye ƙasar yana haƙa hanyar ruwa, da gwiwoyin nan nasa da ko a coci da ƙyar yake durƙusawa.

Hajiya ta ji sara a bayan gidanta, ta fito da shirin faɗa. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Je ki taɓa buhun da yake jikin bangon nan, na ƙasan. In a bushe yake, zan mayar da ƙasan yadda na same shi."

Ta shiga. Da ta fito, faɗan ya tafi. Ta kira 'yan dako suka janye buhunan zuwa tsakiyar ɗaki, biyu daga cikinsu suka karɓi digar daga hannun tsohon. Wajen la'asar ruwa ya kece, ya bi sabuwar hanyar ya gangara titi. Buhunan ƙasa ne kawai suka ɗan jiƙe, kuma shanya ta ishe su.

Suka zauna a baranda ana ruwa, ta dama masa fura. Ta ce mini kunya ta hana ta kallon idonsa, sai ta shiga tambaya.

"Kowace shekara haka kake yi, Baba?"

"Kowane shekara, in Ubangiji ya ba ni lafiya."

Ta kalli furfurarsa, tausayi ya kama ta. Ta ce, "To ranar da ba ka nan fa, wa zai zo ya duba?"

Ya kurɓi furarsa, ya goge baki, ya yi murmushi.

"Ba kowa, Hajiya. Shi ya sa ba na ƙwauron siminti."