Takalman Ikko a Hanyar Kauru

Shekarun baya, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, Tudun Wada 'yan gidaje ce ta baƙi irinmu. Yau mutum kan hau mota ya yini a Kauru ya dawo. A lokacin kwana uku ne a ƙasa.

Matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a can. Saƙo ya same ni jariri yana da kwana huɗu: namiji ne, ɗan fari. Ina son a sa masa sunan marigayi mahaifina, in kuwa ban isa ba, dangin uwa za su raɗa nasu.

Abokina, tsohon bafatake, ya ce zai raka ni. Ya zazzage kayana a zaure, ya ture barguna biyu da tukunya da fitila gefe. Ya bar mini buzu, da salka, da wuƙa, da ƙyastu na kunna wuta, da ƙullin kilishi.

"Buzun nan shi ne gadonka, a kansa za ka yi salla, in ruwa ya sauko ka yafa," in ji shi. Sai ya dubi ƙafata. Na sa sababbin takalma sau-ciki da na sayo a Ikko, don surukaina su gani.

"Malam, waɗannan akwatunan fa?"

Na ce, "Da irinsu Bature ke zaga duniya."

"A kan doki yake zagawa."

Ban saurare shi ba. Kafin azahar ta rana ta biyu diddigena duk ya yi bororo ya fashe. Na zube gindin ɗorawa, na zagi takalman nan da Hausa, na ƙara da Yarbanci, na rufe da Fulatanci. Abokina ya yi dariya har da hawaye, sannan ya shafa mini man kaɗanya, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure ciwon. Ya zaro tsofaffin takalman fade daga burgaminsa, fatar ta yi laushi kamar tsumma.

"Kullum biyu nake fita da su. Tashi, ɗanka na jira."

Muka rage tafiyar rana, muka riƙa sammako. Ranar suna da sassafe muka faɗa ƙofar gidan, ana raba goro, liman bai ɗaga hannu ba tukuna. Na durƙusa ina haki na faɗa masa sunan. Da aka shafa fatiha guɗa ta tashi a cikin gida.

Kakar matata ta leƙo, ta ga takalma rataye a wuyana.

"Maigidan, a Ikko wuya ake sa wa takalmi?"

Ranar har maroƙa sai da suka sa ni a waƙa.

Bayan nan na taka hanyar Agadas da ta Gwanja, na ga matafiya iri-iri, kuma duk wanda ya san hanya kayansa kaɗan ne, tsofaffi ne. Ni ma tun daga ranar ban sake fita tafiya da abin da ban gwada shi a gida ba.