Nehemiah, Bakaniken Motocin da Suka Daɗe a Ajiye

Nehemiah yakan buɗe garejinsa a Bolari kafin rana ta yi zafi. Ya share ƙasa, ya jera sifanu a kan buhu, ya sha kunu a tsaye. Daga nan da wuya ka same shi a wurin. Yana cikin motar wani, a kujerar gefen direba, yana jira ta mutu.

Aikinsa ke nan tun kafin in tafi karatu waje, kuma shi na dawo na tarar yana yi. Motocin da suka daɗe a ajiye ake kawo masa: ta wanda ya yi doguwar jinya, ta mamaci da ta jira rabon gado. Irinsu sukan tashi lafiya, su mutu a tsakiyar titi, a ɗan jira su sake tashi. A gareji ba sa nuna komai. Shi kuwa ba ya kwance ko noti ɗaya sai mota ta mutu yana ciki. Joda, direban haya, ya ce sun taɓa wuni suna zaga gari. "Na ce Baba, ko dai shan iska kake so? Ya ce tuƙa dai, surutunka ya hana ni jin inji."

Yayata Suwaibatu malamar firamare ce a Tudun Wada. Da mijinta ya rasu, motarsa ta zauna ƙarƙashin tamfol har ta fita takaba, har damina ta wuce. A rabon gado motar ta faɗo mata ita da yara. Ta koyi tuƙi don ta riƙa kai su makaranta, sai motar ta riƙa mutuwa a hannunta. Wan mijinta, Inuwa, ya ce ba ta iya ba ne, a sayar kafin ta jawo wa yaran haɗari. Har ya samo mai saye. Ita ma ta fara yarda.

Ranar da muka kai motar gareji, Inuwa ya miƙa wa Nehemiah makulli. Bai karɓa ba.

"Malama ce za ta tuƙa. Alhaji, ku shiga baya."

A shataletale motar ta mutu. Masu keke-napep suka cika mu da hon.

"To, kun gani ai," in ji Inuwa.

"Na gani. Alhaji, yanzu kai zo ka ja mu."

Ba mu kai unguwar Kumbiya-Kumbiya ba ta mutu a hannun Inuwa. 

A gareji Nehemiah ya sauke tankin mai, ya juye shi a roba. Tsohon mai ne, ya koma ja, tsatsa kwance a ƙasa. Ya kira Suwaibatu ta leƙa.

"In kina tafiya wannan dattin yakan taso ya toshe rariyar famfon mai. In kin tsaya ya kwanta, mota ta tashi. Hannunki lafiya lau, Malama."

 Ya wanke tanki, ya canja rariya.

A ƙarshen wannan watan Nehemiah zai rufe gareji ya koma gida Kaltungo. Ya ce kunnensa ya fara nauyi, ba zai yi wa mutane aikin ƙiyasi ba.

Baba Nehemiah, kai ne mai haƙurin zama a mota mai zafi har ciwo ya nuna kansa. Kai ne ka lura cewa ba motar kaɗai ake tuhuma ba a ranar, ka wanke wadda ake zargi ba tare da ka kunyata kowa ba. Mun gode. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya.

Masu gyara, da ma duk mai yanke hukunci a kan wani, ku yi koyi da shi: ku gani da idonku tukuna. Mai sayen nan ya sake bugo waya. Suwaibatu ce ta ɗauka, ta ce masa motar tana da mai ita.