Ranar da Gwaggo Ta Wanke Ƙararrawarta

Da aka zo rabon gadon kakanmu a Tarai, Gwaggo, yayar babanmu, ta bar wa ƙannenta kasonta na gona, ta ce ita ƙararrawa kawai za a ba ta. Kowa ya ce ta yi wauta, ita kuwa ko a jikinta. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, ta dawo gidan ubanta da zama a ɗakin da ke kusa da turken awaki.

Ƙararrawar ta tagulla ce, ba ta fi kofin shayi girma ba, ta yi baƙi ƙirin, lungunanta sun yi kore-kore. Gwaggo ta ce kakanta ne ke rataya ta a wuyan jakin da ke gaban ayari, zamanin da suke fataucin goro zuwa Gwanja. A cikin kwalla take ajiye ta, naɗe da tsumma. Duk wadda ta shigo gidan, ko da mai tallan manja ce, sai ta sha labarin: kogin da ya cinye musu jakuna, da garin da aka hana su ruwa, da yadda matan gida ke jiyo ƙarar tun daga bayan gari su ɗora tukunya. Mukan kwaikwaye ta a bayan idonta, amma da ta buɗe kwallar nan sai ka ga mun yi tsit. Sauran matan gidan da 'ya'yansu suke taƙama, ita kuwa abin da take da shi ke nan.

Yayana yana jan adaidaita sahu tsakanin Rano da Kibiya, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Wata rana ya ɗauko wani Alhaji daga Kano mai sayen kayan da, irin su akushi da takubba da tasoshin tagulla, ya cika masa baki cewa a gidanmu akwai abin da ya haura shekara ɗari. Alhajin ya ce zai zo ya gani. Gwaggo ta ce sayarwa kam babu ita, amma ya zo. So take wanda ya san abin ya faɗi shekarun ƙararrawar a gaban kowa, don ta lura matan samarin gidan sun fara murmushi idan ta ɗauko zancen Gwanja.

A lokacin ina aure a Rano, ranar da Alhajin zai zo na yi sammako na zo don a yi da ni. Na tarar da ita a bayan ɗaki da toka da lemun tsami da soson ƙarfe. Ashe tun jiya ta jiƙa ƙararrawar a ruwan tsamiya. Ta dirje ta ciki da waje, har da tsinke take bin lungunan. Ai ba a kawo wa baƙo ruwa a kwano mai dauɗa, balle a miƙa masa abin kakanni duk tsatsa. Ƙararrawa ta fito fes tana ƙyalli, yatsun Gwaggo duk sun saɓule. Duk muka taru muna yabawa, don a gidan nan babu wanda ya san an yi ɓarna.

Aka yi wa Alhaji shimfiɗa a zaure, maza suka zauna, mu mata muka tsaya daga bakin ƙofa. Gwaggo ta sa mayafinta na zuwa biki, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya leƙa ciki, ya kaɗa ta kusa da kunnensa. Sai ya ɗago kai ya dubi Gwaggo.

"Hajiya, wa ya wanke ta?"

"Ni ce, Alhaji. Da a haka zan kawo maka ita?"

Ya girgiza kai. "Kash! Ai baƙin nan da koren su muke dubawa. Su ke gaya mana daɗewar abu. Yanzu in na ce ta yi shekara ɗari ban yi ƙarya ba, in wani ya ce bara aka zuba ta a Kano, ba ni da abin da zan nuna masa. Ko a kasuwa, sai dai a auna nauyin tagullar."

Mutumin kirki ne, ya yi ta ba ta haƙuri, har ya ce shi a ransa ya yarda tsohuwa ce. Amma kalmar "bara" ita ce ta shiga kunnen mutanen gidan. Wata daga bayana ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Gwaggo ta ji. Ta karɓi abinta, ta yi wa Alhaji godiya, ta ce a gaida gida, ta wuce ɗaki.

Daga ranar ba ta sake ba da labarin ba. Ko yara sun roƙe ta, sai ta ce ta manta. Abin yana ci mini rai har yau, don yanzu in na zauna zan gaya wa nawa 'ya'yan, sai in tarar rabinsa ya zube, kuma babu wanda zan tambaya.

Bayan girbi na koma Tarai gaishe ta. Ina cikin cire takalmi na ji ƙarar daga wajen turke. Na leƙa, sai ga ƙararrawar a wuyan wata jar akuya, an ɗaura ta da igiyar rama, akuyar tana ta goga ta a jikin katanga. Raina ya ɓaci, na durƙusa zan kwance. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Bar mata, 'yar nan," ta ce. "Ita ba ta tambaye ni shekarunta ba."

Na saki igiyar, na zo na zauna kusa da ita, na ja kwaryar gyaɗar gabana.