Layin da Baba Yake Bari a Ƙasan Takarda

Na haihu. Mace ce, yau kwananta goma sha tara, hancin ubanta sak. Da wannan na fara don in na riƙe shi a ciki ba zan iya rubuta sauran ba. Amma ba don kaina na ɗauki biro ba, ni da karatun ma bai yi nisa ba. Don Baba ne, magatakardan ofishin rabon gado, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya.

Kullum bakwai da rabi yana kan kujerarsa, wadda aka tokare ƙafarta ɗaya da kwali. Ya goge tabarau da bakin riga, ya feƙe fensir, ya zuba shayi daga filas. Aikinsa rubuta sunayen magada kafin a shiga gaban alƙali. Baba Tambaya ake ce masa, kuma ba yabo ba ne. In ka ce mamacin 'ya'yansa huɗu, sai ya ce, "Huɗun da ke gida, ko huɗun da ya haifa?" Sannan ba ya rufe takarda. Kullum sai ya bar layi ɗaya a ƙasa babu komai.

Mijina magini ne. Daga kan gini ya faɗo, ko asibiti ba a kai da shi ba. Bai bar wasiyya ba, wa ke tunanin wasiyya yana shekara talatin? Abin da ya bari ɗaki biyu ne da ya gina da hannunsa. Ranar da ya fita aiki ina da labarin da zan ba shi, na ce bari sai ya dawo ya ci abinci tukuna. Har yau wannan "tukuna" tana cina.

Bayan sati uku wan mijina ya kai mu ofishin, ni da surukata. Ba mugu ba ne Yaya, gaggawa ce da shi. Ya samu mai sayen gidan, yana so a raba kowa ya huta. Ya ce, "Uwa, mata, sai ni. Babu ɗa, babu jika. Rubuta mu tafi."

Ni kuwa ina da juna biyu. Cikin wata biyu, mai shi bai ji ba, ta yaya zan fara faɗa a gaban yayansa, a ofis, ga mutane a layi?

Baba ya rubuta sunaye uku. Ya tsiyaya shayi, ƙamshin ya buge ni, na kau da kai na toshe hanci da gyale. Ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ce wa Yaya, "Kai da Hajiya ku je ku yi min fotokwafin katinku, bibbiyu."

"Ai mun kawo."

"Waɗannan sun yi baƙi. Idona ya tsufa, ba kamar naka ba."

Da suka fita ya kira matar da ke share ofishin ta zauna kusa da ni, shi kuma ya juya yana kallon bango. Ya ce, "'Yata, akwai wanda muka manta?"

Kuka na fashe da shi. Bai ce in yi shiru ba. Da na lafa ya ɗauki fensir, a layin nan na ƙasa ya rubuta: ciki.

Yaya ya dawo ya gani, ya ce, "Yanzu da wanda bai zo duniya ba za a yi rabo?" Baba ya ce, "Kai ma an jira ka wata tara, ba wanda ya yi ƙorafi." Surukata ta kama hannuna ta riƙe, ba ta sake ba har muka isa gida. Alƙali ya ce a dakata da komai sai na sauka.

Baba, kai ne namijin da ya fara jin labarin 'yar nan. Kai ne ka ƙirga ta cikin mutane tun ba ta da suna.

Mai sharar ce ta gaya min sauran. Ta ce Baba ya taɓa riƙe fayil wata biyar yana neman wata 'yar mamaci da ta yi aure nesa, aka kai ƙararsa wurin manya har sau biyu, bai saki ba sai da ta zo. Ta kuma ce shi kansa bayan rasuwar mahaifinsa aka haife shi. Kafin ya iso an raba, an sayar. A shagon kawunsa ya tashi, shi da uwarsa, bayan labule.

Shekaranjiya na goya ta muka je. Baba ya rame, sai ya kai takarda dab da hanci yake gani. Ya goge rubutun fensirin nan a hankali, ya ɗauki biro, ya rubuta sunanta da sunan ubanta. Ya daɗe yana rubutun. Yaya yana tsaye, shi ya riƙe masa takardar, kuma da bakinsa ya ce gidan ba na sayarwa ba ne, a nan za ta yi rarrafe.

Na ce, "To Baba, yanzu kam ja layi ka rufe."

Ya ce, "Kin duba da kyau? Ba tagwaye ba ne?"

Muka yi dariya, dariyar da ban yi ba tun ranar ginin nan.

Na gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiyar ido, ya sa ka huta a ɗakin da ba wanda zai ce ka tashi. Wanda zai gaji kujerar nan, don Allah ka gaji layin ma. Ku kuma masu iyali, ku rubuta abin da kuka bari da waɗanda kuka bari tun kuna da ƙafar zuwa, kuma in kuna da labari mai daɗi ku faɗa kafin mutum ya sa takalmi.

Ga ta nan ta farka tana neman nono, a ɗakin da ubanta ya gina.