Yaya Dije da Jujin Bayan Tasha

Shekara goma sha tara ke nan a wannan watan da muka kai Yaya Dije makwancinta. Ita ce babbar ɗakinmu, ni ne auta. Kowace shekara idan watan ya kama nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Wannan karon na ga shirun ya isa haka, domin waɗanda suka ga abin da ya faru a bayan tashar Gaya sun kusa ƙarewa, ni ma da na rage gwiwa ta fara gaya mini gaskiya.

Yaya Dije tuyar kifi take yi a bakin kasuwa. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ita ta tsaya har na gama karatu na samu aiki a buron hukuma, wato ofishin mulkin gari, ina buga takardu, ina kuma yin tafinta tsakanin masu faransanci da mutanen gari. Mace ce gajera mai babbar murya, wadda ba ta iya rage magana don ganin idon kowa.

A wancan lokacin buronmu kamiyon shara, wato babbar motar kwasar shara, guda gare shi, shi ma kwanakin da yake yi a gaban makaniki sun fi na aikinsa. Duk ranar da kasuwa ta watse sai a bar ɓawon rake, ruɓaɓɓen mangwaro, kashin dabbobi, gwangwanaye da tsofaffin tayoyin manyan motoci. Wanda ya san daminar Gaya ya san sauran: ruwa ya kwashi sharar ya toshe magudanai, ya juya ya shiga gidaje. Shekarar da katangar gidanmu ta faɗi, Yaya Dije ta tara mata, su goma sha biyu har da ita, suka zo buro. Ba kuka suka kawo ba. Ta ce wa shugabanmu a ba su fili, a ba su aron amalanke biyu da manjagara, su za su raba sharar kashi-kashi. Shugabanmu mutum ne mai sanyin hali da tsoron na sama da shi, amma yana gane magana mai amfani. Ya ba su filin bayan tasha.

Abin ya tafi fiye da yadda kowa ya zata. Maƙera suna ɗaukar gwangwani su yi fitilar aci-balbal da mazurari. Masu takalmi suna yanka taya. Kwalabe suna komawa wajen masu man gyaɗa. Duk abin da ke ruɓewa kuwa sai a tara shi wuri guda, a yayyafa masa ruwa, a bar shi ya dahu ya zama taki. Manoman Tanda da na ƙauyukan Bana, waɗanda a da suke kawo kaya kasuwa su koma da amalanke wayam, suka fara komawa da taki. Babbansu wani dattijo ne, Baba Gado, wanda ya ce gonarsa ta tudu ta dawo da rai a damina biyu. Yau idan na je taro na ji matasa suna kiran wannan aiki da dogon suna na faransanci, nakan yi murmushi. Su matan nan "aikin juji" kawai suke ce masa.

A shekara ta huɗu ne abin ya zo. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da mutum kan waiwaya kafin ya ce rana ta yi zafi. Aka aiko cewa wani babban baƙo zai wuce ta garinmu zuwa gadar kan iyaka, aka turo wani kapitan na soja ya shirya gari. Ƙarshen bazara ne, lokacin da tsibin takin ya fi kowane lokaci tsayi, domin manoma suna jiran a ga hadarin farko kafin su kwashe. Tsibin kuwa yana gefen hanyar da baƙon zai bi. Kapitan ya tsaya da motarsa, ya dube shi, ya dawo buro ya ce a rubuta: a ƙone wurin cikin kwana uku, a kori matan.

Ni na buga takardar da yatsuna. Ina bugawa ina ganin wurin a idona: rumfunan zana a jere, gidajen ciyawa a bayansu, ga manyan motoci cike da mai sun yi layi a tasha, ga iskar bazara da ba ta da alƙibla. Na san shugabanmu ma yana ganin haka, domin sau biyu ya ɗaga alƙalami ya ajiye kafin ya sa hannu. Da rana na je wajen Yaya kamar kullum, ta zuba mini kifi da yaji, na ci, na tashi ban gaya mata ba. Sai washegari ta ji a bakin mai shela.

Ina zaune a gaban mashin ɗin rubutu na ji muryarta a baranda. Soja biyu da ke bakin ƙofa suka tare ta, kapitan ya ce a bar ta ta shigo. Ta shigo da warin hayaƙi a zanenta, ta gaida shugabanmu, ta gaida kapitan, ni ko kallona ba ta yi ba. Aka ce in tashi in yi tafinta.

"Ka gaya masa," in ji ta, "abin da yake kira ƙazanta abincin mutane ne na baɗi. Ka gaya masa idan ya sa wuta a wurin nan da wannan iskar, baƙonsa toka zai tarar, ba gari ba. Kuma wanda bai taɓa share ƙofar gidansa ba, bai kamata ya koya mana shara ba."

Na juya na ce da faransanci: wannan baiwar Allah tana gaishe ka, tana roƙon a yi haƙuri a ƙara musu ƴan kwanaki.

Kapitan ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya dube ni ido cikin ido. Sannan ya buɗe baki da hausa tsantsa, irin ta gabas.

"Malam tafinta, uwata bahaushiya ce. Maimaita abin da ta faɗa, da faransanci, shugabanka da sojojina su ji. Kada ka bar ko kalma ɗaya."

Na maimaita. Ban san yadda muryata ta fita ba. Da na kai kan maganar ƙofar gida, ɗaya daga cikin sojojin ya gyara riƙon bindigarsa, shugabanmu ya sunkuyar da kai. A lokacin ne Yaya ta dube ni karon farko, domin ta gane na sauya mata magana.

Kapitan ya ce mata: "Hajiya, umarni ya fita, ba ya komawa. Jibi Alhamis da hantsi zan zo da kananzir. Abin da na tarar shi zan ƙone. Idan kuma na tarar da tsibin nan yadda yake, ke za ki biyo ni barikin Dosso ki yi bayanin ƙofar gidana a can."

"Allah ya kai mu jibin," in ji ta. Ta juya ta fita.

Ban taɓa faɗa wa kowa abin da shugabanmu ya yi bayan fitar kapitan ba, kuma tunda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗa. Ya rufe ƙofa, ya ba ni makullin babur ɗinsa, ya ce in je Tanda in nemi Baba Gado, daga nan in zaga ƙauyukan Bana, idan an tambaye ni in ce aikin ƙidayar rijiyoyi ya kai ni. Ya kuma aika aka gaya wa makaniki lallai kamiyon nan ya tashi ko da tura shi za a yi. Mutumin da ya sa hannu don tsoron na sama, ranar nan ya sa wuyansa.

Na tarar da Baba Gado yana gyaran garma. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Ɗana, shanun sun rame, ba su ga ɗanyar ciyawa ba tukuna. Amma Dije ce." Kafin la'asar amalanke sun fara shigowa gari.

Laraba tun da sassafe wurin ya cika. Mata suna cika kwanduna, maza suna lodi, maƙera da masu takalmi sun zo sun kwashe nasu. Sojoji biyu suna tsaye a inuwar mangwaro suna kallo, ba su taimaka ba, ba su hana ba. Ba a yin waƙa kamar yadda aka saba a gayya. Kowa yana aiki yana satar kallon gabas, domin hadari ya fara haɗuwa tun azahar. Duk shekara addu'ar ruwa muke yi. Ranar nan na ji tsofaffi suna roƙon Allah ya jinkirta shi kwana guda.

Bai jinkirta ba. Ruwan ya sauka bayan la'asar, bai daɗe ba, amma ya isa ya mai da hanya taɓo. Takin ya jiƙe ya yi nauyi. Kamiyon ya kafe a bakin fili, amalanke uku suka nutse har gindi, wani sa ya durƙusa ya ƙi tashi. Na ga Yaya tsaye cikin caɓi har ƙwauri, ta dubi abin da ya rage, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta ɗora kwando a kai ta nufi bayan gari, inda wani mai lambu ya ce a zuba a gefen shingensa. Sauran matan suka bi ta. Daga nan mutanen unguwa, waɗanda tun safe suke leƙe ta kan katanga don tsoron a gan su, suka fara fitowa da tasa da bokiti da buhu.

Alhamis da hantsi kapitan ya zo da garwar kananzir kamar yadda ya ce. Abin da ya rage bai wuce tsayin gwiwa ba, jiƙaƙƙe sharkaf. Mutane suka ja baya. Yaya na tsaye da ƙullin kayanta a hannu, domin ta shirya tafiya Dosso tun asuba, ta ma raba wa maƙwabta ƴaƴanta. Ya zaga filin sau ɗaya. Ya sa aka zuba kananzir, aka ƙyasta ashana. Wutar ta lashi saman ta mutu, ta bar hayaƙi mai kauri. Ya tsaya ya kalli hayaƙin, ya kalli ƙullin da ke hannunta, ya shiga mota ya tafi. Baƙon da aka yi duk wannan dominsa ya wuce bayan kwana biyu, gilashin motarsa a rufe.

Ba mu fita lafiya lau ba. An karɓe filin, aka mai da matan can bayan gari inda ƙafa ke gajiya kafin ta kai, har biyar daga cikinsu suka bari. Ni kuma takarda ta fito aka tura ni Dioundiou, na yi shekara uku. Ranar da zan tafi na je sallama, na tarar da ita tana fere kifi. Na ce mata tsoro ne ya sa, ina so in tsare ta.

"Mamman, na san tsoro ne," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Takardar da ka buga ban riƙe ka da ita ba, aikinka ne. Amma ka ɗauki bakina ka yi roƙo da shi. Ni ban je roƙo ba."

Ta naɗe mini soyayyen kifi a takarda ta ba ni guzuri. Ba ta sake tada maganar ba har ta bar duniya.

Aikin juji ya ci gaba wasu shekaru, sannan leda ta zo. Ta shiga cikin taki, manoma suka fara samun ta a cikin gona da cikin tumbin awaki, suka rage zuwa. Yaya ta yi ta tsince ta da hannu har ciwo ya kwantar da ita. Yau idan na bi ta kasuwa na ga baƙar leda ta rufe magudanai, ta rataye a kan kowace ƙaya, nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin ba za ta tsaya zagin zamani ba. Za ta tambayi wa ke sayen wannan abin, me ake iya yi da shi, sannan ta ɗaura zane ta nufi wajen magajin gari neman fili. Akwai matasa yanzu da ke tara robobi da ƙarafa a kurar turawa suna kaiwa awo. Na ji ana korarsu daga wannan lungu zuwa wancan. Da tana nan da ta zaunar da su da hukuma a tabarma guda, ko ana so ko ba a so. Abin da ta gane, wanda mu masu takarda muka daɗe ba mu gane ba, shi ne hukuma ita kaɗai ba ta iya share gari, mutanen gari kuma ba sa iyawa idan hukuma ta hana su wurin tsayawa.

Na bincika tsofaffin takardun buro kafin in yi ritaya. Umarnin ƙonewar yana nan, da sa hannu da hatimi. Sunanta ba ya ko'ina. Cikin mata goma sha biyun nan saura biyu a raye, ɗaya ba ta gani, ɗayar ba ta gane mutane. Makon jiya na je gaida wadda ba ta gani, na ce mata zan rubuta labarinsu a jarida. Ta laluba ta kama hannuna ta ce in rubuta sunayensu duka, kada in ce "wasu mata".

Ga su: Dije, Hawa, Ramatu, Ladi, Biba, Salamu, Mariyama, Zali, Kuluwa, Fati, Amina da Tabawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya sa mu cika da imani.